Taurarin da ake liƙa wa yara a ƙwallon jami'o'in Amurka, wai me suke aunawa ne?

Daren da Indiyana ta doke Miyami 27 da 21 ta ɗauki kofin ƙwallon jami'o'in Amurka, a watan Janairun 2026, mu nan wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare aka take wasa, kuma kafin kiran assalatu wani abokina a gurup ɗinmu na WhatsApp ya riga ya yanke hukunci, wai daga yau kada wanda ya ƙara kawo masa maganar taurarin da ake ba 'yan wasan sakandare don auna su, duk ƙarya ce da neman kuɗin 'yan jarida. Na gane abin da ya harzuƙa shi, domin shekara da shekaru ana gaya mana ba a cin wannan kofi sai da tarin yara masu tauraro huɗu da biyar, sai ga Indiyana ta ci wasa 16 ba ta faɗi ko ɗaya ba alhali ba ta da mai tauraro biyar ko guda. Amma ni ban yarda da shi ba, kuma ban yarda da masu cewa sa'a ce kawai ba.

Ga wanda bai saba ba, ba tamaula irin tamu ake nufi ba, ƙwallon nan ce mai siffar gwanda da ake runguma a hannu, ana sa hular kwano ana bangazar juna. Babbar gasar ƙwararru ita ce NFL, kuma kulob-kulob ɗinta ba su da makarantun rainon yara irin na Barcelona ko Ajax, jami'o'i ne ke yi musu wannan aikin, yaro ba zai shiga NFL ba sai ya yi shekara uku da gama sakandare. To kun ga kenan duk wani koci na jami'a rayuwarsa ta rataya ne a kan yaran sakandare da ya iya lallashi suka zo wajensa. Yara sama da miliyan ɗaya ke buga wasan nan a sakandare a faɗin Amurka, jami'o'in babban rukuni kuma 130 da ɗoriya ne, babu mai idon da zai kalle su duka, shi ya sa aka samu dillalai a tsakiya.

Dillalan su ne Rivals, wadda ta fara tun 1998, da 247Sports da aka kafa 2010, da ESPN, sai On3 da ta zo 2021 kuma ta haɗiye Rivals a 2025. Aikinsu su ba kowane yaro maki sannan su mayar da makin taurari. A ma'aunin 247Sports maki 98 zuwa sama tauraro biyar ne, 90 zuwa 97 huɗu, 80 zuwa 89 uku, ƙasa da haka biyu. Akwai kuma wani lissafin gamayya da ake haɗa ra'ayin kamfanonin wuri ɗaya a fitar da matsakaici, shi ne yawancin mutane ke kawowa in ana musu. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne 247Sports yara 32 kacal take ba tauraro biyar a shekara, kuma ba haka kawai aka zaɓi lambar ba, kulob 32 ne a NFL, mutum 32 ake ɗauka a zagayen farko na zaɓen sabbin 'yan wasa. Wato in an ce yaro tauraro biyar ne ba cewa aka yi ya fi kowa iya wasa yau ba, cewa aka yi muna hasashen nan da shekara uku ko huɗu NFL za ta ɗauke shi a zagayen farko. Hasashe ne kan jikin da bai gama girma ba.

Yadda ake yin hasashen ma abin kallo ne. Yaro ɗan shekara 16 zai je sansanin gwaji, a cire masa takalmi a auna tsayinsa, a ɗora shi a sikeli, a miƙe masa hannu a sa tef daga kafaɗa zuwa yatsa, a buɗe tafin hannunsa a auna daga babban yatsa zuwa ƙarami, sannan ya duƙa ya zura da gudu yadi 40 ana riƙe da agogo, ya yi tsalle a tsaye a ga inda yatsunsa suka taɓa. Duk wanda ya taɓa zuwa kara ya ga dillali yana buɗe bakin ɗan maraƙi yana duba haƙori yana shafa tozo ya san abin da ke faruwa, ba naman da ke jikinsa yau ake saye ba, ƙashin ake kallo a ga nawa zai iya ɗauka in an yi kiwonsa. Bayan haka sai bidiyon wasanninsa da ake ɗorawa a Hudl, sai wasannin nuna bajinta na ƙarshen shekara irin wanda ake yi a San Antonio inda manyan yaran ke karawa da junansu. Alamar ƙarfi tana ga mai ƙiba, kusan a kan wannan aka gina harkar gaba ɗaya. Misali ɗaya da ya shafe mu, David Ojabo, a Najeriya aka haife shi, ya tashi a Aberdeen ta Sikotilan, bai fara wannan wasa ba sai da ya je wata makarantar kwana a New Jersey yana wajen shekara 17, amma saboda tsayi da gudu aka ba shi tauraro huɗu Mishigan ta ɗauke shi, lokacin ko dokokin wasan bai gama haddacewa ba. Kuma hasashen ya yi daidai, ya kai NFL.

Yanzu hujjar abokina. Duk mai son rusa taurari sunayen da yake kawowa sanannu ne. J.J. Watt tauraro biyu aka ba shi, ya bar Central Michigan ya koma Wisconsin ba sikolashif, har rabon fiza ya yi, ƙarshe sau uku yana zama gwarzon mai tsaron baya na NFL. Josh Allen ya gama sakandare a wani ƙauyen noma a Kalifoniya babu babbar jami'a ko ɗaya da ta neme shi, sai da ya bi ta ƙaramar kwaleji sannan Wyoming, ƙarshe ya zama gwarzon NFL na 2024. Patrick Mahomes tauraro uku, Aaron Donald tauraro uku. Cam Ward ko tauraro ɗaya ba shi da shi, a Incarnate Word ya fara, shi aka fara ɗauka a zaɓen NFL na 2025. Duk gaskiya ne, babu ƙarya a ciki ko ɗaya.

Matsalar lissafi ce. Masu tauraro biyar talatin da 'yan kai ne a shekara, masu huɗu 'yan ɗaruruwa, masu uku kuwa dubbai ne. In ka ɗebo mutum daga taron dubbai dole ka samu gwanaye da yawa a ciki ko da kason su kaɗan ne, kamar ka ce ai 'yan makarantar gwamnati sun fi yawa a cikin likitoci don haka makarantar kuɗi ba ta da amfani, ka manta su nawa ne suka shiga tun farko. Tambayar da ta dace ita ce, in na ɗauki yaro ɗaya mai tauraro biyar da yaro ɗaya mai uku, wa ya fi yiwuwar kaiwa? A nan babu musu, fiye da rabin masu tauraro biyar NFL na ɗaukarsu, masu uku kuwa ko ɗaya cikin goma ba ya kaiwa. Kuma sunayen ɗaya ɓangaren ma suna nan ai, Jadeveon Clowney, Myles Garrett, Trevor Lawrence, duk tun suna sakandare aka ce su ne, kuma kowannensu shi aka fara ɗauka a shekararsa. Travis Hunter shi ne na ɗaya a yaran 2022, ya ci Heisman, kyautar gwarzon ɗan wasan jami'o'i, a 2024. Ba a cika ba da labarinsu da zumuɗi ba ne kawai saboda babu daɗin ji a ce wanda aka ce zai yi ya yi.

A matakin tawaga abin ya fi fitowa fili. Wani marubuci Bud Elliott ya fito da ma'auni mai sauƙi, ka duba yaran da jami'a ta ɗauka daga sakandare a shekaru huɗu na baya, in masu tauraro huɗu da biyar ba su kai rabi ba to ka cire ta daga lissafin kofi. Sama da shekara goma wannan ma'auni bai taɓa kuskure ba. Clemson ta 2016 da Mishigan ta 2023 da kyar suka haye rabin, Alabama da Jojiya da Ohio State kuwa a shekarun da suka ci sun yi wa layin nisa sosai. Wanda ya kalli wasan ƙarshe na Janairun 2023 ya ga abin da ido, jami'ar TCU ta zo da labari mai daɗi da koci mai dabara, Jojiya ta lallasa ta 65 da 7. Dalilin ba wani sihiri ba ne, wasan nan na karo ne, mutane na jin rauni kowane mako, ƙaton da ke tsaron gaba ba zai iya buga kowane zagaye ba sai an canja shi ya huta, tawagar da in ta fitar da ƙato mai kilo 140 ta shigo da wani irinsa ita ce ke da rai a watan Disamba. Taurari zurfin benci suke nunawa fiye da komai.

Amma fa tara taurari ba shi ne cin kofi ba, kuma babu inda aka ga haka kamar jami'ar Teksas A&M. A 2022 kocinta Jimbo Fisher ya ɗauki rukunin yaran da ba a taɓa ganin mai makinsa ba a tarihin lissafin, masu tauraro biyar har takwas, har Nick Saban, kocin Alabama a lokacin, ya fito fili ya zarge su da sayen 'yan wasan da kuɗi, aka yi ta cacar baki. Me ya faru? Shekarar nan wasa 5 suka ci aka cinye su 7, a Nuwamban 2023 aka sallami Fisher da kuɗin sallama sama da dala miliyan 75, yaran kuma suka watse, Walter Nolen ya tafi Ole Miss, Evan Stewart ya tafi Oregon. A takarda har yau wannan rukuni na nan a sama, a fili kuwa wasu ne suka ci moriyar da yawa daga cikinsu.

Akwai kuma inda ma'aunin kansa yake da gurgunta, wannan ko masu yin sa ba sa musantawa sosai. Yaron da ke Teksas ko Fulorida ko Jojiya, ko yake makaranta irin IMG Academy ko Mater Dei, kullum idon masu tantancewa na kansa, wanda ke wani lungu a Montana kuma iyayensa ba su da kuɗin jirgi da otal na zuwa sansanin gwaji sai dai a ba shi tauraro uku na jeka-na-yi-ka. Sannan an daɗe ana zargin cewa da zarar Alabama ko Jojiya ta nuna sha'awar yaro sai ka ga makinsa ya tashi, to a nan sai ka rasa wa ke bin wa, kamfanin ne ya gano yaron ko kuwa kwafar amsar Saban ya yi. Ni a ganina ko kwafa ce ba laifi ba ne sosai, in mutumin da ya ci kofi bakwai ya ce yaro ya yi ai shaida ce, sai dai yana sa lissafin ya zama kamar maciji ya ciji wutsiyarsa. Kar a manta kuma kamfanonin nan da kuɗin rajistar magoya baya suke rayuwa, magoya bayan manyan jami'o'i su ne masu biya.

Wurin wasa ma yana da bambanci. Mai gudu ya kama ƙwallo ko mai tare shi, gudunsu a bayyane yake, agogo ba ya ƙarya. Amma ƙattin nan biyar da ke yi wa kwatabak, wato mai jefa ƙwallo, katanga su ne suka fi wahalar hasashe, yaro mai kilo 135 a sakandare yana ture yara ne da nauyi kawai, ba a san ko yana da ƙafa ba sai ya haɗu da daidai shi, wani kuma siriri ne dogo sai ya shekara uku yana cin abinci yana ɗaga ƙarfe sannan ya zama dodo. Shi kuwa kwatabak, wanda shi ne ke jefa ƙwallo kuma ƙwaƙwalwar tawaga, ana iya auna ƙarfin hannunsa amma babu tef ɗin da ke auna yadda zai karanta fili cikin daƙiƙa biyu da rabi ga ƙato na tahowa zai danne shi. Stetson Bennett da ya ci wa Jojiya kofi biyu a jere ba sikolashif ya shigo, masu taurari na zaune a benci suna kallonsa.

To sai babban abin da ya canja komai, wanda shi ne ainihin labarin Indiyana. Da can in yaro ya sa hannu, ranar nan da ake ajiye huluna uku a tebur a zauren makaranta ya miƙa hannu kamar zai ɗauki ɗaya sai ya janye ya ɗauki wata uwarsa na kuka a gefe, to shikenan ya zama naku shekara huɗu, in ya ce zai sauya makaranta sai ya zauna shekara guda ba wasa. A 2018 aka buɗe fotal, wato rajistar masu son sauya sheƙa, a 2021 aka cire zaman shekara gudan nan, a Yulin 2021 kuma aka halatta wa 'yan wasa karɓar kuɗi da sunansu, abin da ake kira NIL, sannan daga 2025 jami'o'i da kansu suka fara biyan 'yan wasa kai tsaye har kusan dala miliyan 20 da rabi a shekarar farko. Yanzu kowace shekara dubban 'yan wasa ke shiga kasuwa, kuma waɗannan ba yara 'yan 17 ba ne da ake hasashe a kansu, magidanta ne 'yan 21 da 22 da ke da bidiyon wasa 30 a jami'a.

Curt Cignetti, kocin Indiyana, abin dariyar shi ne ya san harkar taurari ciki da bai, shi ne ke kula da ɗauko yara wa Saban a Alabama daga 2007, zamanin su Julio Jones da Mark Ingram. Ya bar can ya je ya yi shekaru yana koci a ƙananan makarantu inda mai tauraro huɗu ko waya ba zai ɗaga maka ba, ya ƙare a James Madison, da Indiyana ta ɗauke shi a ƙarshen 2023 ya taho da 'yan wasansa 13. Ƙa'idarsa da yake yawan faɗa ita ce abin da mutum ya riga ya yi a fili ya fi masa abin da ake cewa zai iya yi. Cikin 13 ɗin nan, D'Angelo Ponds gajere ne a wurin da ake son dogaye, Aiden Fisher da Elijah Sarratt da Mikail Kamara babu wanda manyan jami'o'i suka yi rububinsa, amma kowannensu ya buga wasa da yawa kuma sun san tsarin kocin kamar yunwar cikinsu. Indiyana da tana cikin waɗanda suka fi kowa shan kashi a tarihin gasar ta ci wasa 11 a shekarar farko, a ta biyu ta doke Ohio State, ta yi wa Alabama 38 da 3, ta yi wa Oregon 56 da 22. Wannan ba sa'a ba ce, sa'a ba ta cin Alabama da tazarar 35.

Sai kwatabak ɗin Indiana, Fernando Mendoza. Yaron Miyami ne, kusa da jami'ar ya tashi, amma ba ta ba shi sikolashif ba, da farko ma Yale ya yi niyyar zuwa kafin Kalifoniya ta kira shi. Ya yi wasa can, ya koma Indiyana, ya ci Heisman, sannan wasan ƙarshe ya faɗo a filin Miyami ɗin da kanta. A zango na ƙarshe, a damar ƙarshe cikin huɗun da ake ba tawaga ta matsa gaba da ƙwallo, Cignetti ya ƙi bugun maki uku, Mendoza ya riƙe ƙwallon da kansa ya kutsa ta tsakiya, aka bangaje shi ya yi tangal-tangal bai faɗi ba, ya yi sufa ya miƙa hannu ya tsallake layi. A nan ne abokina ya fara turo saƙonni da manyan baƙaƙe.

Abin da nake ƙoƙarin nuna masa shi ne ma'aunin Bud Elliott yaran sakandare yake ƙirgawa, ita kuwa Indiyana ba daga sakandare aka gina ƙashin bayanta ba, don haka ma'aunin na auna wani abu ne da ba shi ne tawagar ba. Kuma kafin kowa ya ce to ai fotal ita ce sabuwar hanya, a tuna da Florida State, da 'yan fotal ta ci wasa 13 a 2023, ta sake komawa kasuwar a 2024 ta ɗebo wasu, har da tsofaffin masu manyan taurari da ba su samu wuri a inda suke ba, ta ƙare da cin wasa 2 an cinye ta 10. Kasuwa ɗaya ce, idon mai saye ne ya bambanta.

Ni yanzu in na buɗe jerin 'yan wasan wata tawaga ina duba taurarin, ban daina ba, musamman a ƙattin gaba na ɓangaren tsaro inda mutane masu wannan girma da wannan gudu ba su da yawa a duniya. Amma ba na tsayawa nan. Ina duba cikin masu taurarin nan su nawa ne har yanzu suke makarantar, su nawa ne suka taɓa fara wasa, katangar kwatabak wasa nawa suka buga tare, shekarunsu nawa. Bill Connelly na ESPN a lissafinsa na auna ƙarfin tawagogi mai suna SP+ ya daɗe yana haɗa ɗaukar yara da yawan gogaggun da suka dawo daga bara, ba ɗaya kawai ba. Ɗan shekara 18 mai tauraro biyar da bai taɓa jin ihun mutum dubu ɗari a kansa ba da ɗan 23 mai tauraro biyu da ya buga wasa 40, in wasan gobe ne na san wanda zan sa, in na shekara uku masu zuwa ne amsar ta canja.

Kamfanonin ma sun gane, yanzu suna da wani jeri daban na 'yan fotal da suke sake ba su taurari bisa abin da suka yi a jami'a. Mendoza ɗin da ba a kula shi ba yana sakandare, lokacin da zai bar Kalifoniya tauraro huɗu suka ba shi. Na tura wa abokina wannan da safe, ya karanta, alamar shuɗin nan biyu ta fito, har yanzu dai bai ba ni amsa ba.